Takardar wakilci: hatimi ya yi yawa, shaida ta yi kaɗan

A damanar bara mijin ɗiyar gwaggona ya rasu a wata ƙasar Larabawa, inda ya shekara 11 yana tuƙin babbar mota. Ya bar mata ƴaƴa 5 da gida rabin gini. Kamfanin da yake yi wa aiki bai ci amana ba. Ya aiko cewa akwai ragowar albashi da haƙƙin sallama, kuma za a damƙa su ga duk wanda iyalin suka wakilta, muddin ya zo da takardar magada, da takardar wakilci, da kwafin katin shaidar matar wanda hukuma ta tabbatar. Ƙanen mamacin yana can a garin, a shirye yake ya karɓa. Magana ce wadda a zauren mai gari, gaban dattawa biyu, da an gama ta kafin la'asar. Sai da ta ci wata 7.

Ga yadda aka yi. Matar tana cikin takaba, ba ta fita. A tsakar gida ta dangwala yatsa a kan takardar da aka rubuto da Faransanci, sannan aka ba wani yaro takardar tare da fotokopin katinta, ya hau babur ya nufi wani ofishi, ya sayi tambur, ya miƙa ta taga. Aka buga masa hatimi mai cewa wannan kwafi ya yi daidai da asali. Asalin kuwa yana can ƙauye cikin akwatinta, ƙarƙashin zannuwa. Babu wanda ya gan shi, babu wanda ya tambaya. Daga nan takardun suka bi ofishi na biyu da na uku, kowanne ya ɗora hatiminsa a kan na ɗan uwansa, aka fassara, aka aika. Bayan makonni suka dawo yadda suka tafi. Dalili kuwa, sunan mahaifinta a kati dabam, a takardar wakilci dabam, bambancin harafi biyu; kuma kwafin katin ba a haɗe yake da takardar ba, ta yadda kowa zai iya zare shi ya sa wani. Aka koma farko. Kafin a gama zagaye na biyu, ɗaya daga cikin takardun ta wuce watannin da bankin can yake karɓa. Awaki 3 aka sayar kafin kuɗin marayu su iso gida.

Kuɗin sun iso, Allah ya jiƙan mamaci. Amma jama'a, ku duba wannan abu da kyau. Takardu sun bi ta hannun ma'aikata huɗu ko biyar na ƙasarmu, kowanne ya karɓi kuɗin tambur, amma babu ko ɗaya da ya yi aikin da aka ƙirƙiri hatimi dominsa, wato ya ga mutum, ya ga katinsa, ya shaida. Baƙon da ke can nesa shi kaɗai ne ya karanta takardar. Mun mai da hatimi shingen kan hanya, inda ake tsayawa a biya a wuce. Alhali kuwa wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Me kowane hatimi yake shaidawa?

Ɗan kasuwar Maraɗi da kayansa ke jira a Lome ko Guwanzu ta ƙasar Sin, da ma'aikacin da ɗansa ke karatu a Maroko ko Turkiyya, da magadan wanda ya rasu a ci rani, duk buƙatarsu ɗaya ce: wani ya tsaya a madadinsu inda ƙafarsu ba ta kai ba. Takardar wakilci, wadda a ofisoshi ake kira prokirasiyon, ita ce ke ba wannan mutum iko ya sa hannu, ya karɓa, ya biya ko ya sayar da sunan wani. Ma'aikacin banki a Istanbul bai taɓa ganin Alhaji ba, kuma ba zai gan shi ba. Abin da ke gabansa takarda ce da kwafin kati. Zai gwada suna da suna, ranar haihuwa da ranar haihuwa, lambar kati da lambar kati, sa hannu da sa hannu. Shi ya sa kwafin katin shaida ko na fasfo yake da nauyi daidai da takardar kanta: shi ne fuskar mai wakiltawa.

Tabbatarwar hawa-hawa ce. Hawa na farko shi ne wanda mutum ya tsaya gabansa. A tsarin da muka gada daga Faransa, noter masanin shari'a ne da hukuma ta naɗa, kuma takardar da ya rubuta da kansa tana da ƙarfin hujja gaban kotu. Wajibinsa ne ya tabbatar da ko wane ne ke gabansa, ya tabbatar yana cikin hankalinsa kuma ba tilasta shi aka yi ba, ya karanta masa abin da aka rubuta, sannan ya ajiye asalin a ma'ajiyarsa ya ba da kwafi. Akwai kuma hanya mai sauƙi, inda mutum zai rubuto takardarsa, hukuma ta shaida sa hannunsa kaɗai. A nan ba a shaida abin da takardar ta ƙunsa ba, an dai ce hannun wane ne. Tabbatar da kwafin kati kuwa ma'anarsa guda ce tak: ma'aikaci ya ɗora asali da kwafi gefe da gefe, gaba da baya, ya ga babu bambanci.

Hawa na biyu ma'aikatar harkokin waje ce. Ita ba ta san Alhaji ba, ba ta ga katinsa ba. Abin da take shaidawa shi ne cewa sa hannun da hatimin na wannan noter ne ko na wannan ma'aikaci ne, domin tana da samfurinsu a ajiye. Hawa na uku ofishin jakadancin ƙasar da takardar za ta je, shi kuma yana shaida sa hannun jami'in ma'aikatar ne kawai. To kun gani: duk hatimin da ke sama, na ƙasa da shi yake shaidawa. Mutum ɗaya ne a duk jerin yake da damar ganin gaskiya da idonsa, shi ne na farko. Idan ya buga ba tare da ya gani ba, sauran duk sun shaida ƙarya cikin ƙa'ida, kuma sunan Nijar ne a kan kowane hatimi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mu a tagogin ofisoshinmu tambur ya kori gani.

A kuma lura, kalmar noter ba ma'ana ɗaya gare ta ba a ko'ina. A Najeriya lauya ne wanda Alƙalin Alƙalai ya ba wannan izini. A Amurka yana iya zama ma'aikacin banki ko mai shago wanda bai yi karatun shari'a ba, aikinsa ya shaida sa hannu kawai. Saboda haka idan wasiƙa ta zo daga waje tana neman takardar da noter ya tabbatar, abin da ya kamata shi ne a tambayi masu wasiƙar, a rubuce, ainihin abin da suke so: takardar da noter ya rubuta, ko shaidar sa hannu, ko kwafin kati da aka tabbatar, ko duka ukun. Wa ke gaya wa talaka wannan a taga? Babu. Ana karɓar tambur ne a ce na gaba ya matso.

Yarjejeniyar da ba mu shiga ba

Wannan doguwar hanya ba mu kaɗai ta dama ba, kuma tuni duniya ta nemo mata gajeriya. Ranar 5 ga Oktoba 1961, a birnin La Haye na ƙasar Holan, aka ƙulla yarjejeniyar da ta soke hatimin ofishin jakadanci tsakanin ƙasashen da suka shiga. A madadinsa aka kawo shaida guda da ake kira apostil. Ƴar takarda ce ko hatimi mai kusurwa huɗu, kowane gefe aƙalla santimita 9, mai layi 10 masu lamba: ƙasa, wanda ya sa hannu, muƙaminsa, hatiminsa, wuri, rana, hukumar da ta bayar, lamba, da sauransu. Ƙasar da takarda ta fito ita ke bugawa, ƙasar da takarda ta je kuma dole ta karɓa ba tare da neman wani hatimin jakada ba. Takardun noter suna cikin waɗanda yarjejeniyar ta shafa, haka ma shaidar sa hannu da hukuma ta ɗora a kan takardar da mutum ya rubuta da kansa. Takardun gwamnati da suka shafi ciniki ko kwastan kai tsaye ne aka keɓe, kuma ƙasa na da damar ƙin amincewa da shigowar wata sabuwa, don haka tambaya kafin tafiya ba ta zama ɓata lokaci ba.

Ƙasashe fiye da 120 ne ke cikin wannan yarjejeniya. Faransa tana ciki tun 1965, Amurka tun 1981, Turkiyya tun 1985, Maroko tun 2016, Tunisiya tun 2018. Saudiyya ta shigo a Disamba 2022, Senegal a Maris 2023, ƙasar Sin a Nuwamba 2023, Kanada a Janairu 2024. Mai karatu ya sake duba jerin nan: su ne wuraren da ƴan kasuwarmu ke saro kaya, da ɗalibanmu ke karatu, da ƴan uwanmu ke aiki.

Nijar fa? Nijar ba ta cikin wannan yarjejeniya. Maroko ta riga mu, Senegal ta riga mu, Saudiyya da Sin sun riga mu.  Na zaga rumfunan kasuwa na tambayi manyan ƴan kasuwa waɗanda fasfonsu ya cika da bizar ƙasashe, ƙalilan ne suka taɓa jin kalmar apostil. Na tambayi ma'aikatan da ke buga hatimi tun safe har yamma, wasunsu suka ce sai dai a tambayi Yamai. Gwamnatoci nawa suka wuce, na farar hula da na soja? Wace ce a cikinsu ta sa aka yi wa jama'a bayanin wannan yarjejeniya da Hausa ko Zabarmanci har ya shiga kunnen mai rumfa? 

Amfanin abin ya ƙaru a ƴan shekarun nan. Ƙasashe da yawa ba su da ofishin jakadanci a Yamai, wasu kuma sun rufe nasu, kamar yadda Faransa ta yi a Janairu 2024. A tsohuwar hanya, sai takarda ta ƙetare iyaka neman hatimin jakada kafin ta kama hanyar inda za ta. Da muna cikin yarjejeniyar, da wannan wahala ta faɗi. Inda ba za ta faɗi ba shi ne ƙasashen da ba su shiga ba. Har zuwa 2025 Najeriya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ba su cikin yarjejeniyar. Ku dubi abin takaici: tsakanin Damagaram da Kano kilomita 240 ne ko kusa da haka, amma idan hukumar can ta nemi cikakken jerin hatimai, sai takardar ta yi tafiyar kusan kilomita 900 yamma zuwa Yamai, ta dawo, sannan ta nufi kudu. Wannan aikin masu diflomasiyya ne: maƙwabta masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya ba su rasa yadda za su yafe wa juna hatimi.

Yamai ta yi nisa

Ko da apostil, matsalar nisa tana nan. Hatimin da ke fitar da takarda waje a babban birni yake. Daga Tawa kilomita 550 ne ko kusa da haka, daga Maraɗi fiye da 650, daga Damagaram kusan 900, daga Difa fiye da 1,300. Mafi yawan ofisoshin noter ma a Yamai suke. Wanda ya san kuɗin mota zuwa da dawowa, da kuɗin masauki, da kwanakin da rumfa za ta yi a rufe, ya san cewa kuɗin tambur shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Haraji ne na ɓoye da aka ɗora wa duk wanda Allah ya sa aka haifa nesa da bakin kogi. Shi ya sa mutane ke damƙa katinsu da fasfonsu ga direba ko ɗan kamasho, kuma daga nan ɓarna take farawa.

Yarjejeniyar La Haye ba ta ce sai ma'aikata ɗaya a birni ɗaya ba. Ta bar wa kowace ƙasa ta zaɓi hukumomin da take so su riƙa bugawa, sharaɗin kawai kowace hukuma ta riƙe rajista mai lamba da rana, wadda duk mai shakka zai iya tambaya a duba masa. Faransa, wadda muke kwaikwaya a komai, shekara da shekaru kotunan ɗaukaka ƙara na yankunanta ne ke buga apostil, kafin ta miƙa aikin ga masu aikin noter a watan Mayu 2025. Tun 2006 aka fara tsarin apostil na kwamfuta, inda ake duba sahihancin lamba ta intanet cikin minti ɗaya. Mu ma muna da kotun ɗaukaka ƙara a Damagaram, muna da babbar kotu a kowane babban birnin jiha, muna da magatakardan kotu waɗanda tun zamanin Turawa suka saba riƙe aikin noter inda babu noter. Me ya hana? Tun Taron Ƙasa na 1991 muke jin waƙar kusanto da mulki ga jama'a. An rarraba muƙamai zuwa jihohi, amma hatimi ya ƙi barin Yamai.

Har ila yau a kan Faransa: tun 2001 ta hana ma'aikatunta neman kwafin da aka tabbatar daga hannun jama'arta, ta bar tabbatarwa ga takardun da ƙasashen waje suka nema. Mu kuwa kowace jarrabawar ɗaukar aiki, kowane neman guraben karatu, sai an tara fotokopi goma an kai taga. Duk wanda ya yi karatun boko a ƙasar nan, har da mai wannan rubutu, ya san wannan layi. Ma'aikacin da aka tara wa takardu ɗari uku kafin azahar ba zai duba ko ɗaya ba, hannunsa ne ke aiki, idonsa na hutawa. A cikin wannan tari ne takardar marayu ke faɗawa, a buga mata hatimi irin na sauran. Yawan tabbatar da abin da ba ya buƙata shi ya kashe tabbatar da abin da yake buƙata.

Mutum ɗaya, suna uku

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi dawo da takardunmu daga waje. Mutum guda a takardar haihuwa Mahamadou ne, a katin shaida Mahaman, a fasfo Mohamed, a banki Mamane. A unguwa babu wanda zai rikice, kowa ya san Alhaji. Ma'aikacin Shanghai kuwa mutum huɗu yake gani. Ƙara da waɗanda ba a yi musu rajistar haihuwa a kan lokaci ba, sai daga baya kotu ta ba su takardar maye gurbi, aka rubuta an haife su wajen shekara kaza, babu wata babu rana. Wani ofishi ya cike gurbin da 1 ga Janairu, wani ya bar shi fili. Tsohon katin nan na kwali da aka daɗe ana bugawa da tafireta ya bar mana gadon kurakurai da za mu daɗe muna biya. Laifin wa? Na magatakardan da ya rubuta abin da kunnensa ya ji da ƙa'idar rubutun Faransanci, kowa da tasa. Amma mai biya shi ne talakan da bai iya karanta abin da aka rubuta masa ba.

A nan ne aikin noter na ƙwarai yake bayyana. Kafin ya rubuta layi ɗaya, zai jera takardun mutum gabansa, ya kwafi suna harafi da harafi daga katin da za a haɗa, ya sa lambarsa da ranar bayarwa da ranar ƙarewa cikin takardar wakilcin kanta, ya haɗa kwafin da takardar ya buga hatimi a kan mahaɗar yadda ba za a zare ba sai an gani. Idan ya ga saɓani, ya tura mutum ya gyara tun a gida. Zai kuma duba wa'adin katin, domin katin da zai mutu wata mai zuwa ba ya raka takardar da za ta yi aikin shekara. Wannan ya ƙara zama dole tun da aka sanar da fasfon ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, daga 29 ga Janairu 2025, tare da cewa tsohon yana aiki har wa'adinsa ya ƙare. Duk wanda ya sauya fasfo lambarsa ta sauya, takardar wakilcin da ke ɗauke da tsohuwar lamba kuwa tana iya tsayawa a taga.

Sannan harshe. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Madalla. Amma matar da ta dangwala yatsa a kan shafi biyu na Faransanci ba ta san ko ta ba ƙanen mijinta ikon karɓar albashi ne kaɗai, ko har da sayar da gida ba. Yardar da aka bayar a kan abin da ba a fahimta ba, wace irin yarda ce? Kafin a yi bikin harshen ƙasa a dandali, a fara da wajabta karanta wa mutum takardarsa cikin harshen da yake ji, a kuma rubuta a ƙarshenta cewa an yi haka, da sunan tafintan da ya yi.

Daddawa ma da wari

Kada ƴan kasuwa su tafa da wuri. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke aika yaro da fotokopi saboda shi ya fi ƙarfin tsayawa layi? Wa ke cusa jika biyu cikin takarda domin kada a tambayi asali? Wa ke ajiye kwafin fasfonsa goma, duk da hatimi, a aljihun yaron shago, ko ya watsa hotonsa ta WhatsApp ga duk wanda ya nema? Kwafin kati mai hatimi rabin takardar wakilci ne. Wanda ya same shi, ya kuma sami ma'aikacin da ba ya duba fuska, ya sami mabuɗin asusunka. Ma'aikacin da ka saya yau domin ya rufe ido a kan takardarka ta gaskiya, shi ne gobe zai rufe ido a kan ta ƙarya da aka yi da sunanka.

Akwai kuma son a gama sau ɗaya. Alhaji zai ce a rubuta wa wane ikon yin komai, ko'ina, ba wa'adi, don kada a sake dawowa. Dokar farar hula da muka gada ta bambanta wakilci na gaba ɗaya da na musamman, ta ce wanda aka rubuta da kalmomi na gaba ɗaya bai wuce kula da dukiya ba, sayarwa ko jingina sai an ambata ƙarara. Amma ba kowace ƙasa ce ke karanta takarda da idon dokarmu ba. Rigakafi ya fi magani: a faɗi aikin, a faɗi bankin ko kayan, a faɗi iyakar kuɗin, a sa ranar ƙarewa, a faɗi ko wakili na da ikon wakilta wani. Mai wakiltawa yana da damar janyewa duk lokacin da ya so, amma janyewar da aka gaya wa wakili kaɗai ba ta kare shi daga bankin da bai sani ba, sai an sanar da bankin a rubuce. Kuma wakilci yana mutuwa da mutuwar mai shi, a dokar boko da fiƙihun Malikiyya baki ɗaya. Ɗan da ke ci gaba da cire kuɗi da takardar mahaifinsa bayan an yi sadakar uku, dukiyar magada yake ci, kowane irin hatimi ke kan takardar.

Ga ƴan uwanmu da ke zaune waje kuma suke son wakilta wani a gida, hanya tana nan: yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba ƙaramin jakada ikon yin aikin noter ga ƴan ƙasarsa, kuma muna da ƙananan ofisoshin jakadanci a wurare irin su Kano da Jidda. Gara a je can da kai da kati, da a aiko hoton takarda ta waya a ce a san yadda za a yi.

Abin da muke nema

Za a ce mini hatimai da yawa kariya ce daga masu jabu, kuma idan aka rarraba apostil zuwa jihohi za a buɗe ƙofar maguɗi. Amsata ita ce, mai jabu bai taɓa jin tsoron hatimi ba, domin a bayan kasuwa ake sassaƙa shi. Abin da yake tsoro biyu ne: ma'aikacin da zai ce kawo asali, ina mai shi, da rajistar da za a iya dubawa daga nesa. Za a kuma ce baitulmali na buƙatar kuɗin tambur. To a karɓa, amma a ba da rasiɗi, a kuma yi aikin. Haka nan ban ce duk ma'aikata ɗaya ba ne. Na san waɗanda ake zagi kullum saboda sun ƙi bugawa sai sun gani. Su ne ke riƙe da ɗan mutuncin da ya rage wa hatiminmu, kuma su ne ya kamata a ƙara wa girma.

Saboda haka muna kira ga ministan shari'a da na harkokin waje, da ƙungiyar masu aikin noter, da majalisar ƴan kasuwa. Na ɗaya, a liƙa a ƙofar kowane ofishi, da Hausa da sauran harsunanmu, jerin matakai da farashin kowanne da kwanakin da yake ɗauka. Na biyu, a shiga yarjejeniyar La Haye, a ba manyan biranen jihohi ikon buga apostil, da rajista guda ta ƙasa wadda ake dubawa ta intanet. Na uku, a rage neman kwafin da aka tabbatar a harkokin cikin gida, domin ma'aikaci ya sami idon duba wanda zai fita waje. Na huɗu, duk wanda ya shaida kwafi bai ga asali ba, ko ya shaida sa hannu bai ga mai hannun ba, a hukunta shi a matsayin mai shaidar zur, domin sunan abin ke nan. Wanda ba ya iya fita, mai takaba ko majinyaci ko tsoho, ma'aikaci ya je ya same shi a kan kuɗin da aka ƙayyade. Na biyar, a sauƙaƙe gyaran suna, a yi shi a kusa kuma da araha, tun da hukuma ce ta yi kuskuren.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar rancen bankin duniya ko taron ƙwararru a otal. Kotunan suna nan, ma'aikatan suna nan. A lokacin da kowa ke maganar ƴancin kai da martabar ƙasa, ya kamata mu tuna cewa baƙo ba ya halartar gangaminmu. Takardarmu ce ke isa teburinsa, kuma da ita yake auna mu. Ranar da ma'aikacin banki a Jidda ko Istanbul zai ga hatimin Nijar ya karɓa ba tare da ya juya takardar sau uku ba, ranar ce matar da ke takaba a ƙauye za ta daina sayar da awakin marayu domin ta tabbatar wa duniya cewa ita ce ita. Mahukunta, mun faɗa, saura ji.